Maganin Nafisa da Kishin Adda Hawwa

Cikin duk shekarun da na yi ina jinya a sashen yara a Garwa, ranar da ba ta fita daga raina ita ce ranar da dokta ya ce maganin na yaro ɗaya ne, alhali uwaye biyu ne zaune a gabansa, kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Babbar ita ce Adda Hawwa (Adda wato yaya, a Fulatanci), mai ɗa Umaru ɗan shekara bakwai. Ƙanwarta A'isatu kuma tana da Nafisa, 'yar shekara uku. Gida ɗaya suke a Jambutu, sun auri wa da ƙane, 'ya'yan baffansu. Yaran biyu ciwon hanta na gado ke damunsu. Ga sababbin shiga aikin nan, bari in yi bayani: ruwan matsarmama da hanta ke fitarwa ba ya samun hanyar wucewa yadda ya kamata, sai ya koma cikin jini. Ido ya yi shawara, jiki ya kama ƙaiƙayi wanda babu man shafawa da ke kashe shi. Umaru kan goga bayansa a bango har ya yi jini. Abin da muke da shi a lokacin wani gari ne da ake damawa a ruwa, yara sun tsane shi, sauƙin da yake kawowa kuma kaɗan ne.

Da wata ƙungiyar agaji ta samo sabon magani, sai aka yi wa yaran gwaji. Shi wannan yana tare ɗacin a hanji ne ya bi bayan gida ya fita, kuma gwargwadon nauyin yaro ake ba da shi. Sakamako ya nuna Nafisa za ta iya sha. Umaru kuwa hantarsa ta riga ta yi tauri, cikinsa ya fara tara ruwa, maganin zai iya cutar da shi.

Adda Hawwa ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, “Madam, wa ya fara kawo yaro nan? Ni na nuna mata ƙofar asibitin nan.”

Na ce, “Adda, ba layi ake bi ba, jikin yaro ake dubawa.”

Ta ce, “To,” ta ja hannun ɗanta ta fita.

Kafin damina ta ƙare Nafisa ta sauya. Gyambon da susa ta yi mata a ƙafa ya warke, ta yi kumatu, har kitso aka yi mata, abin da a da ba ta yarda. Ranar awo kuwa 'yan'uwan da ke zuwa kan babur ɗaya sai kowacce ta zo daban. Idan muka yi wa Nafisa wasa, ina ganin Adda Hawwa ta kau da kai tana gyara wa Umaru safar da ake sa masa a hannu don kada ya yaga fatarsa. Gaisuwata ma ta daina amsawa. Na kai maganar wajen majo, wato shugabar masu jinya a sashenmu, ta ce in raba musu ranar zuwa. Na raba, amma gida ɗaya suke komawa.

Wata safiya sai ga Adda Hawwa ba ranarta ba, ba Umaru, riƙe da ƙaramin kwano a rufe. Ta ajiye a gabana. Kunu ne, da ƙwayoyin maganin a barbaɗe a kai.

Ta ce, “A'i ce ta kawo min. Wai rabi ɗiyarta, rabi ɗana. Jiya ma ta kawo, na zubar.”

Na tambaye ta ko Umaru ya taɓa sha. Ta girgiza kai.

“Madam, ba zan ɓoye miki ba. Idan na ji ɗakinta shiru, yarinya na barci, nawa yana susa, wani abu ke tokare min ƙirji. Ni na yi wa Nafisa wankan farko, yau ko kallonta ba na iya yi. Na yi istigfari har na gaji, abin bai tafi ba. Amma na ga ta fara susar kunne. Ku kira uwarta ku tsawata mata. Ni in na buɗe baki, baƙar magana ce za ta fito.”

Muka kira A'isatu. Tana kuka ta ce, “Ta yaya zan yi barci Addata tana zaune?” Dokta ya yi mata bayani a hankali cewa rabin magani ba zai ishi Nafisa ba, Umaru kuma zai iya ƙara masa ciwo. Ta yi alkawari, ta kuma cika.

Umaru ya rasu kafin damina ta zagayo. Abin da yake buƙata dashen hanta ne, ba a kuwa yin sa a nan. Nafisa tana makaranta yanzu. 'Yan'uwan suna gaisawa, suna cin abinci tare, amma A'isatu ta ce min har yau Addarta ba ta ɗauki yarinyar a cinya ba.

A makarantar jinya an koya mana yadda ake faɗa wa iyaye babu magani. Ba wanda ya koya mana yadda ake cewa akwai, a gaban wadda nata ɗan ba zai samu ba. Tun daga lokacin, kafin in yi wa uwa albishir, sai na duba wadda ke zaune kusa da ita.