Glenys Hartwig da Hancin Jirgin da Muka Ɓoye

Ƙarfe bakwai na safe Glenys Hartwig take zare kwaɗon tsohuwar rumfar da ke bayan filin jirgin Wirrabool. Ta ɗora butar shayi, ta kori tattabaru, ta ɗauki tsumma ta bi jikin tsohon jirgin saman da ke ciki tana shafawa daga wutsiya zuwa gaba. A gaban ne take tsayawa, domin har zuwa bana nan babu abin shafawa, sai wani ƙaton rami inda hanci ya kamata ya kasance. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan hidima, kuma a wannan watan za ta ajiye ta, saboda idanunta sun gaza.

Jirgin na jefa bama-bamai ne. Da aka gama yaƙi sojoji suka yi gwanjonsa, kakanninmu manoma suka yi masa rubdugu. Wani ya ja tayoyi ya sa wa amalanke, wani ya mai da tankin mai kwamin shayar da tumaki, fiffike ɗaya ya zama rufin ɗakin ajiye ciyawa. Mu a nan ba a yar da abin da zai yi amfani, kuma ba a bayar da abin da ke kan aiki.

Glenys direbar bas ɗin makaranta ce a lokacin da ta fara harhaɗa jirgin. Daga kujerarta mai tudu take hango bayan shingen kowa, ta haka ta san inda kowane yanki yake. Ta bi gona gona tana roƙo. Wanda ya ba ta kwami, ta ƙera masa sabo. Ta koyi dukan ƙusa a wurin wani tsohon makanikin soja, ta buga dubbai da hannunta. Mu kuwa me muka yi? Dariya. Muka sa mata suna Amaryar Jirgi. In ta shigo mashaya sai wani ya ɗaga murya: "Glenys, yaushe mijin naki zai tashi? Ki ajiye mini kujerar taga!"

"Kai da ko tsani ba ka iya hawa, Merv?" in ji ta. "Zauna ka sha giyarka."

Ba ta taɓa kiran jirgin abin alfahari ba. Takan ce samari sun shiga cikinsa suna rawar jiki, mutanen da ke ƙasa kuma sun mutu, don haka a bar shi a gan shi da ido.

Abu ɗaya ya gagare ta, hancin gilashi inda mai saita bam yake kwanciya. Wata Juma'a a mashaya, gaban kowa, ta tambayi Trevor Kuchel ko yana gonarsu. Trevor ya ce, "Ina! Babana ya narkar da shi tun ban yi wayo ba." Ƙarya ce. Hancin yana bayan gidansa, ya zama akurki, gilashin na tara ɗumin rana, kajinsa na zuba ƙwai har cikin sanyi. Da ya faɗa a bainar jama'a kuwa, girman kai ya hana shi janyewa. Na san wannan sarai, domin Trevor mahaifina ne, kuma ni ma na yi shiru shekara da shekaru. Rubuta shi ma kunya nake ji.

Kowace Asabar sai Glenys ta zo sayen ƙwai. Ta tsaya jikin akurkin ta ce, "Trev, ka riƙa kwashe kashin kajin nan, yana cin ƙarfe." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to. Ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya a kan haka ba.

Bana aka ce za a rushe rumfar. Gidan tarihi na birni ya yarda ya karɓi jirgin, amma sai in cikakke ne. In ba haka ba, masu sayen tsohon ƙarfe ne za su yanka shi. Ranar da Baba ya ji, ya kasa cin abincin rana. Ya ce mini, "Je ki kawo tarakta." Muka kori kaji, muka wanke hancin, muka ja shi ta tsakiyar gari kowa na kallo, gashin kaza na tashi a bayanmu.

Glenys ta fito tana lalube. Ta bi bakin ƙarfen da yatsu, ramin ƙusa bayan ramin ƙusa.

"Glenys," in ji Baba, "ni fa na yi miki..."

"Ka kwashe kashin, na ji a hannuna," ta ce. "Zo ka ga wani abu."

Ta kai shi bayan rumfa ta yaye tamfol. Sabon akurki ne na katako, da tagar gilashi ta ɓangaren rana. Fentinsa har ya fara koɗewa.

"Shekararsa goma sha ɗaya yana jiran ka. Ka ɗauke shi yau, kada kajin su kwana a waje."

Ƙanwarta ce ta gaya mana daga baya cewa Glenys ba ta cin ƙwai, ko ƙanshinsa ba ta so.

Glenys, ke ce kika ga ƙaryarmu daga kujerar bas, kika rufa mana asiri. Ke ce muka yi wa dariya, kika gyara abin da muka wargaza. Mai haƙurin da ya fi ƙarfin garinmu, mun gode, kuma ki yafe mana. Ku da kuke karantawa, ku leƙa bayan rumfunanku, abin da ba naku kaɗai ba ne ku fito da shi tun mai jiransa yana gani.

Mu mun makara. Ranar da aka ɗaura hancin, wasu ne suka buga ƙusoshin, Glenys na zaune a kujera tana tambayar Baba, "Trev, gaya mini, ya zauna daidai?"