Takabar Malamata

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta da hantsin wata Laraba ba, shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Sakkwato. Ina 'yar shekara goma sha huɗu, ina karatu a wurin wata malama a unguwarmu, wadda muke kira Modibbo. Kwana tara ke nan da rasuwar mijinta, wani dattijo mai sayar da hatsi, tana cikin takaba. Shi ne miji na biyu da ta rasa.

Muna tsakar gida da allunanmu sai amaryar maƙwabta ta shigo da kasko za ta ɗebi wuta, kamar yadda aka saba. Ta durƙusa gaban murhu ke nan sai muryar surukarta ta tsallako katanga: "Ke! Aje wutar ga! So kike ki kashe mini ɗa?" Yarinyar ta zubar da garwashin ta fice da gudu. Modibbo ba ta ɗaga kai ba. Ta ce da ni, "Ci gaba, ɗiyata." Amma na ga yatsanta ya daɗe a kan layi ɗaya.

Daga ranar magana ta bazu cewa kanta na cin maza. Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, wai kada abin ya shafe su. Ni mahaifina bai hana ni zuwa ba, sai dai Inna takan tare ni a ƙofa ta sa in wanke hannu da ƙafa kafin in shiga ɗaki. Ina jin kunyar faɗin wannan yanzu, amma ni ma zargin ya shige ni. Ba ni da surutu, sai bin diddigi, don haka na fara lura da duk namijin da ya taka zaurenta. Mai kawo ruwa ya yi tari, na riƙe a raina. Mahaifina, da ya taɓa shiga zauren, ya kwanta zazzaɓi kwana biyu, na daina cin abin da ta miƙo mini, sai in karɓa in ɓoye a bakin zane. Waɗanda suka shiga suka fita lafiya kuwa, ban taɓa tuna su ba.

Ana haka ƙanin marigayin ya zo ya tsaya a zaure, ya ce ta tattara ta koma ƙauyensu kafin Juma'a, shi ba zai kawo iyalinsa gidan tana ciki ba. Ba ta da kowa a ƙauyen sai kaburburan iyayenta. Ta kuma san abin da shari'a ta ce: mai takaba a ɗakin mijinta take cika kwanakinta. Sai ta sa na ɗauko tawada, tana faɗa ina rubuta wa alƙali. A lokacin an fara shigar da kowace ƙara a takarda, mata suka yi ta aiko mata da gargaɗi cewa sunanta zai shiga littafin Nasara. Na rubuta, na duba sau uku babu kuskure, amma a zuciyata ina cewa, in alƙalin ya taɓa takardar nan ya kwanta ciwo fa?

Kwana uku shiru. Har ta fara ɗaure littattafanta a gafaka. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga alƙalin da kansa, tsoho tukuf, ya zauna a zauren da maza suka ƙaurace wa. Ya sa aka kira ƙanin marigayin, maƙwabta suka cika ƙofa. Modibbo tana bayan ƙyaure, ina gefenta. Ya tambayi abin da ya kashe mijin farko, aka ce agana, shekarar da ta yi ɓarna a gari. Na biyu fa? Aka ce tsufa.

"Allah gafarta malam," in ji ƙanin, "amma biyu hwa!"

Nan Modibbo ta yi magana. "Malam, tambaya guda gare ni. Mi niy yi?"

A ranar na koyi cewa mai zargi shi ke zaɓar abin da zai gani, kuma karatu ba ya hana mutum shiga sahun masu zalunci in tsoro ya kama shi. Sai alƙalin ya juyo wajen ƙyauren ya ce:

"Ba ki yi komi ba, Modibbo. Ni mata ukku nib bizne, kuma mutanen ga duka bayana suke salla, babu wanda yac ce kaina na cin mata. Zamna ɗakinki."