Layin da Na Gani Na Bari

A cikin Kanawan da na sani a Guangzhou, ni kaɗai ne ban taɓa loda kwantena ba. Su da safe suna kasuwar Zhanxi Lu suna cinikin takalma, da yamma suna waya da tashar jiragen ruwa ta Huangpu a kan kaya. Ni kuwa karatun kwamfuta ne ya kai ni, da na gama na maƙale a wani ƙaramin kamfani a hawa na tara, mu goma sha biyu har da matar da ke dafa mana shayi. In mun haɗu ranar Juma'a sai su ce, "Malam, wai kai me kake sayarwa ne?" In na fara bayani, kafin in kai rabi an koma zancen kuɗin jirgi.

Ga abin da nake yi. A Amurka akwai gidajen da ake kula da tsofaffi da masu doguwar jinya. Ana yi musu gashin ƙashi, ana koya musu tashi da tafiya da riƙe cokali bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukuma da inshora ke biyan kuɗin gashin, kuma kowace jiha da tata dokar: kwana nawa za a yi wa mutum, minti nawa a rana. Kamfaninmu ya yi musu manhajar da ke lissafa wannan. Mai gashi zai buɗe sunan tsoho a kwamfuta, in ya ga kore ya ci gaba, in ya ga ja to kwanakin da za a biya sun ƙare. Matsalar ita ce mutanen nan ba sa barin doka ta huta. Yau sun ƙara, gobe sun rage, jibi su ce ba haka suke nufi ba. Duk sanda suka taɓa ta, ni ne zan buga takardun, in zauna da jan biro in bi su shafi-shafi, sannan in shiga cikin manhajar in gyara. Shekara huɗu ina wannan. Aiki ne da in ka yi shi daidai, babu wanda zai san ka yi wani abu.

Sai na jawo wa kaina mutumin Kumasi.

Da hannuna na kawo shi, wallahi babu wanda ya aike ni. A masallaci muka haɗu, yana yi wa masu aika kaya Ghana tafinta a tashar jiragen ruwa. Magidanci ne, matarsa da 'ya'yansa biyu suna zangon Kumasi, na girme shi da shekara biyu kacal amma Yaya yake ce min. Da na ji ya yi karatun kwamfuta yana ɓata kansa a bakin ruwa, sai na kai shi wurin maigidanmu, wanda duk muke kira Lawban, kamar yadda 'yan ƙasar ke kiran mai kamfani. Na tsaya masa, aka ɗauke shi. Wata guda ya yi a ɗakina kafin ya samu nasa.

Ba a yi wata uku ba ya tsone min ido. Shi aka ba fuskar manhajar, abin da ido ke gani. Ya ƙara girman rubutu, ya sauya launi, ya sa wani maɓalli da ke fito da jadawalin mako da dannawa ɗaya. Gidajen tsofaffin suka fara aiko da godiya. Lawban yakan zo ya tsaya a bayansa yana dafa masa kafaɗa yana dariya. Ni a shekara huɗu kafaɗata ba ta san hannun mutumin nan ba. Kuma ga baki! Sinancinsa duk a karye yake, na tasha ne, amma in ya buɗe baki ofis gaba ɗaya sai ya ɗauka da dariya. Ni da nake da takardar shaidar harshen, in na yi magana sai a gyaɗa kai a koma aiki. Har matar shayi, shi take fara zuba wa. Na san abin kunya ne babba da ni in tsaya ina lura da wa aka fara zuba wa shayi. To na lura, kuma kullum sai ya ƙona min rai.

Abin da ya fi ci min rai, ni kaɗai na san yana da gaggawa. Hannunsa na da sauri, amma ba ya waiwaye. Don haka nake riga kowa zuwa ofis da safe, in buɗe aikin da ya yi jiya, in bi, in gyara abin da ya zubar, in rufe, in koma kujerata. Kada a ɗauka ƙauna ce. Haka dai aka tashe mu: wanda ka kawo, asirinsa a hannunka yake, kuma ba ka tona ɗan'uwanka a gaban baƙi. In ya ji kunya, ai ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi baƙaƙen nan haka suke. Ban taɓa gaya masa ba, ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai ga shi wata rana a taro Lawban ya nuna shi da yatsa ya ce, wannan tun da ya zo ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Na kalli tebur. Kai, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Da wasannin Olamfik da za a yi a China suka matso, sai sha'anin biza ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. 'Yan kasuwarmu suka yi ta tattara kaya suna komawa gida, wasu su fita sabunta takarda a hana su dawowa. Lawban ya kira mu biyu ofishinsa ya ce bana izinin aikin baƙo ɗaya kawai zai iya nema mana. Na ce babu wata hanya? Ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo." Babu ke nan. Takardunmu kuwa a wata ɗaya za su ƙare.

Shi in ya koma, ko ba komai yana da iyali da gidan gado. Ni fa? Shekara goma a China, ba shago, ba kaya a ruwa, ga sana'ar da ko a Kano ba wanda zai gane ta balle ya ɗauke ni. A unguwarmu ana ce wa yara su yi karatu su zama irina. Da wace fuska zan sauka?

A cikin wannan makon wata jiha ta aiko da sabuwar doka. Na miƙa hannu zan karɓi takardun kamar kullum, sai Lawban ya wuce ni ya ajiye su a gaban mutumin Kumasi, ya ce shi ma ya koya. Ba sai an fassara min ba. Ana so a ga ko zai iya aikina ne, don in ya iya, to ni an gama da ni. Shi kuwa ko a jikinsa, har ya juyo yana ce min, "Yaya, ka ara min jan biron naka mana." Na ba shi. Kwana biyu ya yi ya gama abin da ni nake yin mako a kai, a ofis aka yi ta tafa masa.

Washegari na zo da sassafe kamar yadda na saba. Na ɗauko dokar na karanta, na buɗe aikinsa. Ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a shafin ƙarshe na dokar, can ƙasa da ƙananan haruffa, an ce duk wanda aka kwantar a asibiti ya dawo gidan, lissafin kwanakinsa zai fara daga farko. Bai ga wurin ba. A aikinsa lissafin ci gaba yake yi daga inda ya tsaya. Layi ɗaya ne. Gyaran bai kai minti biyar ba, har na ɗora hannu a kai.

Na zauna ina kallon layin nan. Na ce wa kaina ba aikina ba ne. Na ce wa kaina ai ba ni na ɓata ba, kuma ba ƙarya zan yi wa kowa ba, shiru kawai zan yi. Na tuna hannun Lawban a kafaɗarsa. Na rufe, na tashi na haɗa wa kaina shayi. Da rana aka tura sabuwar manhajar ga gidajen, abokan aikinmu suna can sun kewaye talabijin suna ihun wasan ninƙaya na Olamfik da aka fara.

Ni a tunanina kwana biyu za a yi a gano, a yi masa faɗa, a san bambancina da shi. Wallahi iyakar abin da na hango ke nan. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin su wa ke ƙarshen layin ba. Shekara huɗu ina ganin sunayensu a jere, ban taɓa ɗaukar su mutane masu ƙafafu ba.

Mako biyu aka yi kafin saƙo ya zo. Masu gashi sun yarda da manhajarmu, da suka ga ja sai suka dakatar. Lawban ya kira ni in fassara masa saƙon, don Turancinsa bai kai ba, ya kira mutumin Kumasi ya tsaya. Wata mai gashi ce ta rubuto. Ta ce ba zancen kuɗi ya sa ta rubutu ba, wannan za a daidaita. Akwai wata tsohuwa da ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki a asibiti ta dawo, har ta fara taku huɗu da abin dogarawa. Sai aka tsayar da gashinta kwana goma sha ɗaya. Yanzu an dawo mata da shi amma ta ƙi tashi, ta ce ta gaji, a bar ta ta kwanta. Da bakina na juya wannan zuwa Sinanci, jimla bayan jimla, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Lawban ya ce wa ya yi? Kafin ya rufe baki mutumin Kumasi ya ce shi ne. Bai ce sabo ne a aikin ba, bai ce an gaggauta shi ba, bai ko kalli inda nake ba. Ya nemi a bar shi ya gyara da hannunsa, ya rubuta wa matar wasiƙar ban haƙuri, ya roƙi a karanta wa tsohuwar. Ina tsaye ina kallonsa, kuma Allah ya sani ko a lokacin hassadarsa nake ji. Ya faɗi, amma ya fi ni kyan gani.

Ni aka nema wa izinin.

Ranar tafiyarsa na raka shi filin jirgi, don in ban je ba mutane za su yi magana. Muna cikin layi ya ajiye jakarsa ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na san kana zuwa da safe kana gyara min aiki. Tun watan farko na gane. Kunya ce ta hana ni yi maka godiya."

Na ce, "Haba, ɗan'uwa, ai ba komai."

Ya ce, "Da komai. Ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka. Kuma kada ka sa wannan na ƙarshen a ranka, na ga duk ka rame. Na san da idonka ya kai wurin, da ka gyara."

Layi ya matsa, ana jiran ya ɗauki jakarsa. Yana riƙe da hannuna yana kallona, yana jira in ce wani abu.

Na ce, "Haka ne."