Surukina da Ba a Durƙusa Masa

Jiya a kasuwar Ɗambatta na ga wani tsoho da koɗaɗɗiyar rigar sanyi irin ta soja, sai marigayi Baba, mahaifin maigidana, ya faɗo mini a rai.

Tsohon soja ne, kuma duk ƙauyenmu an san ba a durƙusa masa. Ko ni surukarsa, in na rusuna sai ya kau da kai ya ce, "Tashi, 'yar nan, gaishe ni a tsaye."

Wata kaka samari suka kama wani mutum yana yankar mana dawa. Suka durƙusar da shi a ƙofar gida, hannuwansa a ka, kowa da sanda. Ina leƙe ta zana. Baba ya fito zai yi alwala, yana ganin mutumin buta ta suɓuce masa.

"Ku tashe shi."

"Baba, ɓarawo ne fa!"

"Na ce ku tashe shi!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Ya ratsa su, ya miƙar da mutumin, har ya kaɗe masa ƙasar gwiwa. Sannan ya ce a hankali, "A bakin daga an durƙusar da wani a gabana haka. Ba makami a hannunsa. Aka ce in harba, na harba."

Sanduna suka sauka. Tuwon da na kai wa Baba ranar, haka ya dawo.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka jiƙan wancan bawan Naka, Ka sa ya yafe masa ranar da za su haɗu.