Askar Manga Biyu

Manga wanzami ne ɗan Barade, kuma tun yana yaro bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin tukuna. Rigimar gona ce a wajen Kona ta kai shi gidan yari zaman jiran shari'a, ya bar matarsa Hanifa da tsohon ciki. Abu ɗaya ya sa a ransa: kada ya kwashi ƙanjamau a nan ya kai mata ita da abin da ke cikinta.

Da gandirobobi suka ji sana'arsa, suka ba shi aikin yi wa sababbin shiga ƙwalkwabo. Nan fa Manga ya zama likitan kansa. Aska biyu ya ware. Ɗaya ta ramammu ce da masu tari da masu ƙuraje, ɗayar kuma ta masu ƙiba da shi kansa. Mutum na zama zai ƙare masa kallo daga wuya har ƙafa, ya taɓe baki.

"Wannan ramar taka, ta yunwa ce ko ta wani abu?"

Kai, ya sha zagi! Bai fasa ba.

Malama Judith, nas ɗin da ke gwada jinin sababbin shiga, ita ma ba ta tsira ba. Ranar da ya shigo ƙin ba ta yatsa ya yi, wai wa ya san inda allurar ta fara shiga. Ta bi shi ta bi shi har ta gaji, rannan ta ɓare sabuwar allura a gaban idonsa. Ya miƙa hannu yana harararta.

Da ta gaya masa yana da ƙanjamau, tsalle ya yi.

"Na sani! Lawali ne, mai tarin nan, ranar da na yanke wajen askinsa!"

"Lawali lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Kuma yadda ta ci jikinka, ta yi shekaru. Da ita ka shigo, Manga."

Wallahi har Hanifa sai da zuciyarsa ta fara tuhuma, ya ji kunyar kansa ta rufe shi.

"Bar neman wanda ya ba wa wani," in ji Judith. "In matarka na da ita, ta kuma fara shan magani kafin ta haihu, ana sa ran jaririn ya tsira. Amma sai an gaya mata, kuma lokaci ya kusa ƙurewa."

Ranar ziyara Hanifa ta zo tana jan ƙafa, da kular tuwo a hannu. Manga ya kasa kallonta.

"Gobe da safe ki je asibiti su gwada jininki."

Ta ajiye kular a hankali, ta kafe shi da ido.

"Wa ya ce maka ina da wani abu?"

"Ba wanda ya ce," in ji Manga. "Ni ne nake da ita."