Kayan Nutson Baba a Motar Haya

Babana sojan ruwa ne, aikinsa nutso a teku. Da ya yi ritaya ya dawo Kafanchan ya kama noman citta a gonar da ya gada wajen Kwoi, kayan nutsonsa kuma suka shige wani akwatin ƙarfe a ɗakin ajiya. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a sakandare, gidana da nasu tafiyar ƙafa ce.

Wata Lahadi bayan sujada ya tare ni a ƙofar coci yana ta murmushi. Tsofaffin abokan aikinsa sun kira shi a waya. Sun shirya haɗuwa a wani tsibiri kusa da Legas, za su yi nutso tare kamar da.

"Mota za ki nemo mana ta haya," ya ce. "Kayan nan ba za su shiga motar tasha ba."

"Baba, shekarunka fa?"

"Likita ya duba ni. Ya ce in ba zan yi zurfi ba, in je."

Washegari na je wurin wani Alhaji da ke ba da hayar motoci a bakin kasuwa. Mun san juna, don na koyar da 'ya'yansa mata. Ya nuna mini wata doguwar mota mai kujeru layi uku, wadda aka fi ɗauka don kai amarya. Har lokacin akwai guntun kyallen ado maƙale a jikin madubinta. Ya ce zai ba mu tare da direbansa, wani dattijo marar yawan magana da ya san hanyar kudu.

"Wane irin kaya za ku ɗauka, Malama?" ya tambaye ni.

Na fara lissafa masa. Da na zo kan tukunyar iska sai ya ajiye carbinsa.

"Irin ta gas ɗin girki?"

"Kusan haka, amma iskar numfashi ce a ciki."

"To zan zo in gani da idona."

Da la'asar ya zo gidan su Baba. Mun riga mun shimfiɗa tabarma a tsakar gida mun baje kayan: baƙar rigar roba mai haɗe da wando, tabarau mai rufe hanci, tiyo-tiyo masu bakin tsotsa, ɗamara mai nauyin dalma, da wasu faffaɗan takalma da muke kira ƙafar agwagwa muna yara. Tukunyar tana tsaye a gefe, fentinta ya kwaile. Alhaji ya tsaya nesa da ita ya gai da Baba.

"Ofisa, wannan ba za ta fashe mini a mota ba?"

Baba ya ce babu komai, ai wofi za a ɗauke ta, sai a Legas za a cika. Don ya tabbatar masa, ya murɗa bakinta. Ashe akwai sauran iska. Ta yi wani irin huci mai tsawo, kajin Mama suka watse, Alhaji ya koma bayan turmi. Da ƙarar ta mutu ya fito yana gyara babbar rigarsa, shi ne ya fara dariya. Ya taɓa tukunyar da ɗan yatsa, ya ce a naɗe ta da bargo kada ta goge masa kujera, sannan ya amince.

Bayan ya tafi Baba ya ce zai gwada rigar. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Can sai muka ji yana kiran Mama. Rigar ta wuce gwiwa, ta wuce cinya, ta tsaya cak a ciki. Mama ta kawo hodar jikoki ta barbaɗa masa, muka kama ni da ita muna ja, yana riƙe numfashi. Da ƙyar hannuwa suka shiga, zif ɗin baya kuwa ya ƙi hawa.

"Robar ce ta tsufa ta tsuke," in ji Baba.

"Tuwon acca ne," in ji Mama. "Ni na tuƙa, na sani."

Duk da haka ya ce a ninke ta a sa a jaka, wataƙila zafin hanya zai saki robar.

Muna cikin shirya kaya Mama ta zauna a kan akwatin ƙarfen. Duk tsawon aikin Baba ita tana Kafanchan tana riƙe da mu da shagonta. In ya zo hutu ya ba ta labarin teku, ta saurara tana tsince shinkafa.

"Kujera nawa ne a motar?" ta tambaye ni.

"Da yawa, Mama."

"To da ni za a je. Ruwan da ya ɗauke mini miji shekara da shekaru, bari in je in ga fuskarsa."

Baba ya ɗago ya dube ta. Sai ya tashi ya je ya ɗauko mata jakarsa mai kyau, wadda ba ya ba kowa aro.

Daga nan shirin ya canza. Mama ta ce ba za ta je wurin abokan mijinta hannu wofi ba. Aka kawo ƙaramin buhun acca, busasshiyar citta, doya, da galan ɗin zuma. Safiyar tafiya direba ya buɗe bayan motar ya tsaya yana kallon tulin kayan. Ya kwantar da layin kujerun baya, ya sa tukunyar a tsakiya cikin bargonta, ya tokare ta da doya dama da hagu don kada ta gangara. Ɗamarar dalma ta shiga ƙarƙashin ƙafafuna. Ƙafar agwagwa ba ta sami wuri ba, Mama ta rungume ta a cinya har Lokoja, inda muka kwana.

A Legas wani ma'aikacin shagon kayan nutso ya duba kayan Baba ɗaya bayan ɗaya. Ya haska cikin tukunyar da tocila ya ce ta yi tsatsa, ba zai cika ta ba. Tiyo-tiyon ma sun bushe. Rigar bai ko buɗe ta ba, ya dubi Baba ya miƙo masa wata babba. A cikin duk abin da muka kwaso daga Kafanchan, tabarau da takalma da ɗamara kawai suka yi amfani. Na zaci Baba zai ji haushi, amma abokansa sun riga sun kewaye shi suna tsokanar juna, kusan kowa abin da ya faru da nasa kayan ke nan.

Jirgin ruwa mai inji ya ɗauke mu zuwa tsibirin. Ni ce na yi ta amai a hanya, Mama kuwa tana zaune a gaba ta ɗaure ɗankwalinta tam, tana tambayar matuƙin sunayen abubuwa. Kusa da tsibirin aka tsayar da jirgin. Da Baba ya zauna a gefen jirgin ya faɗa ruwa ta baya, Mama ta kama hannuna ta matse. Ba mu ganin komai sai kumfa da ke tasowa. Ta bi kumfar da ido tana addu'a a hankali, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da yarenmu.

Da ya fito aka jawo shi cikin jirgi, ya cire tabarau, shatinsa ya fito a goshinsa.

"Me ka gani?" Mama ta tambaya.

"Ruwan ya ɗan yi duhu. Kifi kaɗan, da wani tsohon ƙarfe." Ya numfasa. "Amma a can ƙasa gwiwata ba ta yi mini ciwo ba ko kaɗan."

Ta miƙa masa tawul. Da muka sauka a tsibirin ta cire takalmanta, ta tattare zaninta zuwa ƙwauri, ta ce ya zo ya riƙe ta. Suka taka a hankali har inda igiyar ruwa ke iso musu. Ni na zauna a inuwa tare da matan abokansa, cikina bai gama kwanciya ba, ana gasa kifi a bayanmu.