Albasar Gwaggo Wadha

Gwaggona Wadha ta tsufa a gonar dabino a Ula, amma ba ta taɓa taka Hijir ba, ga shi kuwa kusa da mu. Tun tana yarinya aka gaya mata garin halakakku ne, ba a shan ruwansa, ba a shigarsa sai ana kuka. In mota ta bi ta wajen, sai ta ja mayafi ta ce wa direba, "Ƙara wuta, ɗan nan!"

Da jikarta Nuwayyir ta fara aikin zagayawa da baƙi a kaburburan dutsen da ke Hijir, wata guda Gwaggo ba ta amsa gaisuwarta. Daga baya ta sauko, ta ce in kai ta. Ta riƙo ruwanta daga gida, da albasa ƙulle a bakin mayafi.

Nuwayyir ta ce, "Kaka, albasar fa?"

"In hawayen suka ƙi zuwa fa, ja'ira? Da busassun idanu zan shiga?"

A ƙofar wani kabari Nuwayyir ta karanta mata rubutun da ke sama. Wata mata ce ta sa aka sassaƙa shi dominta da 'ya'yanta mata, ta kuma tsine wa duk wanda ya fitar da su.

Gwaggo, wadda ta binne 'ya'ya mata biyu, ta leƙa. Babu komai ciki sai yashi da sawun takalma.

Ta ce, "To ina suke?"



Mun dawo gida mayafin ya jiƙe sharkaf, albasar kuwa ko ɓawonta ba a taɓa ba.